Mil 41 A Kan Tuddai: Darasin Da Uwargida Za Ta Ɗauka Daga Tseren Wani Ƙaramin Gari

  

Yau zan ɗauke ki daga madafi in kai ki ƙasar Amurka, can jihar Tenesi, wani ɗan ƙaramin gari da ake kira Wartrace, wanda mutanensa gaba ɗaya ba su kai 700 ba. Na san za ki ce, haba Malama, mu da muke fama da girki da wanki da rainon yara, ina ruwanmu da guje-gujen Turawa? Ki yi haƙuri ki karanta har ƙarshe. A ajin matan aure da nake koyarwa, duk ranar da aka mayar da mu ajin saman bene, kafin mu gama hawa rabin ajin na haki, wasu na dafe da gwiwa, alhali mafi yawansu ba su kai shekara 40 ba. Ni mai wannan rubutu ma ban tsira ba. Kuma kowaccenmu burinta Allah Ya kai ta Hajji, ibadar da ke cike da tafiyar ƙasa.

WANE IRIN TSERE NE?

Gudun famfalaki, wanda wasu ke kira gudun yada-ƙanin-wani, tsawonsa kilomita 42 ne da mita 195. Akwai kuma tseren da ya zarce wannan, daga kilomita 50 zuwa sama, wanda za mu iya kira gudun zarce-famfalaki. Irinsa ake yi a Wartrace a farkon watan Mayu. Wani mutum mai suna Gary Cantrell ne ya fara shirya shi a shekarar 1979, ya sa masa suna Strolling Jim 40. Ko da yake sunan ya ce 40, tsawon hanyar mil 41 ne da 'yan kai, wato kusan kilomita 66, a kan kwaltar da ta ratsa gonaki da makiyaya da tuddai.

Sunan na wani doki ne, ma'anarsa kuwa Jim mai takun sannu. Dokin nan da farko noma ake yi da shi, sai ga shi a shekarar 1939 ya zama zakaran farko a gasar dawaki masu iya taku ta ƙasa da ake yi a jihar. Kabarinsa na bayan wani tsohon otal a garin. Tun daga sunan, kin ga an fara yi wa mai shiga tseren hannunka-mai-sanda: wannan ba fagen masu gaggawa ba ne.

Tseren bai yi kama da na manyan birane da kike gani a talabijin ba, inda dubban mutane ke cika titi ana yi musu tafi. A nan mutum kan yi tafiya mai nisa ba ya ganin kowa sai shanu a bayan shinge. Tukuicin da aka fi kwaɗayi ma riga ce: wanda ya gama ƙasa da awa 5 a ba shi mai ruwan gwal, ƙasa da awa 6 shuɗiya, ƙasa da awa 7 ja. A shekarar 1991 wani mai suna Andy Jones ya gama kafin cikar awa 4, bajintar da ta ɗauki shekaru masu yawa ba a karya ta ba. Amma mafi yawan masu zuwa ba irinsa ba ne. Talakawan 'yan gudu ne, maza da mata, har da masu furfura, waɗanda burinsu kawai su ga sun kai ƙarshe.

KI ƊAUKA KE CE A KAN HANYAR

Da sassafe aka tashi, jiki da ƙarfi, iska da sanyi. Nan ne tarkon farko yake. Zuciya za ta ce miki ki bi sahun na gaba, ai kina iyawa. Masu ƙwarewa kuwa sukan ja da baya da gangan, domin sun san ƙarfin da aka ɓarnatar a mil goman farko ba ya dawowa. Hausawa sun riga sun faɗa, tafiya sannu-sannu kwana nesa.

Sai tuddai su fara. An san Cantrell da barkwanci. Yakan yi rubutu da fenti a kan kwalta, idan kin iso gindin wani tudu kina haki sai ki ga an rubuta cewa wannan ba tudu ba ne. Sai can gaba, inda hawan ya miƙe da gaske, ki ga an rubuta cewa to, wannan shi ne tudu. Dabarar da masu wayo ke yi a nan za ta ba ki mamaki: ba sa gudu a kan tudu mai tsauri, tafiya suke yi da sauri, suna gajarta taku, sai sun kai sama su ci gaba da sassarfa. A wajensu wannan ba abin kunya ba ne, tanadi ne. Wanda ya ce sai ya haye kowane tudu da gudu, shi za a tarar zaune a gefen hanya da rana tsaka.

Gangara ma da kike ganin hutu ce, tana da nata sharrin. Lokacin saukowa, naman gaban cinya ne ke aikin birki, yana tare nauyin jiki a kowane taku, kuma wannan ya fi hawa gajiyar da shi. Wadda ta saki jiki ta kwarara a gangarar farko, za ta ji a jikinta kafin yamma.

Sai batun ci da sha. Jikin ɗan Adam na ajiye wani nau'in sukari a hanta da tsoka, wanda idan ana gudu ba a cin komai yakan ƙare bayan kamar awa biyu. Idan ya ƙare, ƙafa ta yi nauyi, kai ya yi dum, zuciya ta karaya. Shi ya sa suke ɗan cin wani abu tun yunwa ba ta zo ba: ayaba, dafaffen dankali da gishiri, biskit da makamantansu. Ruwa kuma ana shan sa daidai da ƙishi. Ɗirkar ruwa fiye da kima na tsinka gishirin da ke cikin jini, har ya kai ga amai, ruɗewa, suma, wani lokaci ma rasa rai. Wani bincike da aka yi kan 'yan gudun famfalaki na birnin Boston na shekarar 2002 ya gano kashi 13 cikin 100 na waɗanda aka gwada jininsu sun sami wannan matsala. Kin ga ko abu mai amfani, idan ya yi yawa ya zama cuta.

Wajen mil na 30 ne ake shiga wani yanki da 'yan tseren suka yi wa laƙabi da abin da za mu ce Ganuwa. Jerin gajerun tuddai ne masu tsauri, kina gama ɗaya wani na jiran ki, ga rana ta take, ga tafin ƙafa ya yi bororo. A nan ba a tunanin ƙarshen hanya, domin nisansa kaɗai ya isa ya karya zuciya. Mutum kan ce wa kansa bari in kai waccan bishiya, idan ya kai ya ce bari in kai wancan shinge. Da haka da haka har rufin gidajen Wartrace ya bayyana.

MATA FA?

Kada ki zaci juriya ta maza ce kaɗai. Akwai wata likitar dabbobi 'yar Birtaniya, Jasmin Paris. A watan Janairun 2019 ta shiga wani tseren mil 268 a kan tuddan Ingila cikin tsananin sanyi, ta riga kowa, maza da mata, ta gama cikin awa 83 da 'yan mintoci. Lokacin 'yarta na da wata 14, kuma a wuraren yada zango takan tsaya ta tatse nono. A watan Maris na 2024 kuma ta zama mace ta farko da ta kammala tseren Barkley, wani tseren daji mai azabar wahala wanda shi ma Cantrell ne ya ƙirƙiro shi. An ba da awa 60, ta iso saura daƙiƙa 99.

Amma mu Musulmi ba sai mun je nesa neman abin koyi ba. Ki tuna Nana Hajara, matar Annabi Ibrahim (AS), a kwarin Makka, ruwa ya ƙare, ga jariri Isma'il yana kuka. Ta hau Safa ta duba, ta sauko, ta yi gudu a cikin kwarin, ta hau Marwa, har sau bakwai. Safa da Marwa tuddai ne biyu. Wahalar da uwa ta sha domin ɗanta Allah Ya mayar ibada, wadda duk mai Hajji ko Umara zai yi har tashin alƙiyama. Haka kuma Abu Dawud ya ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) ya yi tsere da Nana A'isha (RA) a wata tafiya, ta riga shi. Bayan shekaru, lokacin da ta yi jiki, suka sake, ya riga ta, ya yi dariya ya nuna mata cewa ya rama. A lura, sai da ya ce sahabbai su yi gaba tukuna. Wato motsa jiki ga mace halal ne, matuƙar an kiyaye sutura da mutunci.

TO, MU INA MUKA DOSA?

'Yar'uwa, ba ina cewa ki ɗaura ɗamara ki hau titi da gudu ba. Irin shigar da ake yi a waɗancan tsere da cakuɗuwar maza da mata ba namu ba ne. Abin da nake so mu ɗauka shi ne yadda suke tattalin jiki da yadda suke shiri. Babu mai tashi rana ɗaya ya yi kilomita 66. Watanni ake yi ana ƙara nisa kaɗan-kaɗan.

Mu kuwa sai mu shekara goma muna adashi domin kujerar Makka, mu tanadi atamfa da tsaraba, amma ƙafar da za ta yi aikin ba mu tanade ta ba. Sa'ayi kaɗai ya kai kilomita 3, ban da ɗawafi, ban da zuwa jifa daga tantunan Mina da dawowa kwana bayan kwana, cikin zafi da cunkoso. Ai ba a fafe gora ranar tafiya. Ko da Hajjin bai zo ba tukuna, hawan jini da ciwon sukari da ciwon gwiwa ba sa jira. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a shekarar 2020 cewa baligi ya samu aƙalla minti 150 na matsakaicin motsa jiki a mako. Idan kika raba, minti 30 ne sau biyar. Ga yadda za ki fara:

Na farko, ki yi shawara da maigida, ki nemi yardarsa. Idan ma ya amince ku riƙa fita tare bayan sallar Asuba, kin jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya, domin hirar hanya na ƙara danƙon zumunci.

Na biyu, ki fara da minti 10 na tafiya mai ɗan sauri, ko da zagayen tsakar gida ne. Kowane mako ki ƙara minti biyu ko uku. Ma'aunin shi ne ki iya magana kina tafe, amma numfashinki ya ɗan ɗaga. Idan Islamiyyarku ba nisa, ki bar A Daidaita Sahu ki taka da ƙafa tare da maƙwabciya.

Na uku, ki nemi takalmi shafaffe mai taushin ƙasa wanda bai matse yatsu ba, da safa, da hijabi marar nauyi. Silifas da takalmi mai tsini ba na doguwar tafiya ba ne.

Na huɗu, idan unguwarku da tudu ko gidanku da bene, ki mayar da shi abokin aiki. Ki hau da gajeren taku, ki sauko a hankali, kamar yadda 'yan Wartrace ke yi.

Na biyar, mai ciki, da mai jego, musamman wadda aka yi wa aiki, da mai hawan jini ko ciwon sukari ko ciwon zuciya, ta fara jin ta bakin likita. Duk wadda ta ji ciwon ƙirji, jiri, ko numfashi na sarƙewa, ta tsaya nan take ta je asibiti. A watan azumi kuma a bari sai bayan an sha ruwa.

Abin da ya fi komai shi ne ɗorewa. Ya tabbata a hadisi cewa aikin da Allah Ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa ko da kaɗan ne, kuma jikin mutum yana da haƙƙi a kansa. Da ki yi awa biyu rana ɗaya ki kwanta mako guda, gara ki yi minti goma kullum.

Akwai kuma ranar da za ki tarar da taki Ganuwar, ranar da yaro ya kwana da zazzaɓi, ko baƙi suka cika gida, ko kasala ta danne ki. Idan kin fasa kwana biyu kada ki ce shi ke nan na gaza. Wadda ta zauna a gefen hanya ta huta sannan ta tashi, tana cikin tseren har yanzu. Gobe da Asuba ki ɗauki takalminki, ki ƙulla niyyar neman lafiya domin bautar Allah da kula da iyali, sai tafiyar ta zama lada.

Allah Ya ba mu lafiya mai amfani, Ya kai mu Ɗakinsa mai alfarma da ƙafafunmu, Ya sa mu gama da duniya lafiya. Sai mun haɗu a wata mai zuwa, in Allah Ya yarda. Wassalamu alaikum.