Wa Ya Lalata Kankaren Rukuni na Uku?

Tubalan kankaren da ɗaliban rukuni na uku suka zuba sun cika kwana 28, aka sa su a injin matsa, suka farfashe tun ba su kai ƙarfin da aka tsara ba. Washegari huɗu daga cikinsu suka shigo ofishina, sun riga sun yanke hukunci: a cire sunan na biyar. Ba ya zuwa taro, ba ya amsa saƙo a WhatsApp, kuma shi aka ɗora wa jiƙa tubalan a tanki.

Na fara da tankin. Ma'aikacin ɗakin gwaji ya ce, "Malam, yaron nan kullum da safe sai ya leƙo ya duba ruwa." Siminti fa? Buhu ɗaya suka ɗiba da rukuni na biyu, kankaren waɗancan kuwa ya tsaya daram.

Saura littafin awo. An rubuta nauyin ruwa rabin na siminti, daidai da tsari. Amma a shafi na gaba, gwajin kwaɓi ya nuna da aka zare mazurari ya baje kamar kunu. Ruwan da aka rubuta ba zai yi haka ba. Wani ya ƙara bai rubuta ba, kuma rarar ruwa ƙananan kafofi take bari a cikin kankare, ta rage masa ƙarfi.

Na kira su ɗaya bayan ɗaya. Ashe shugabansu ne, haziƙin aji, wanda ba ya barin kowa ya taɓa shebur. Kwaɓin ya yi masa tauri, ya tuttula ruwa. Na biyar ɗin ya ce a dakata, aka daka masa tsawa a gaban jama'a, daga ranar ya janye jiki. Sauran ukun sun gani, suka yi gum. Shirunsu ya fi komai damuna, domin gobe a wurin gini ɗan kwangila ne zai ce a ƙara ruwa, kuma ya fi abokin aji baki.

Ban raba su ba. Na sa suka sake zubi, kowane awo mutum biyu su sa hannu, shugabanci ya riƙa zagayawa mako-mako. Kafin su ɗauki shebur, sai da kowannensu ya dubi shugaban ido da ido ya ce, "Ruwan ya wuce awo, mu sake aunawa." Muryar na farko rawa take yi, na sa ya maimaita.