WAYAR DA SAURAYI YA SAYA MIKI, TAKI CE KO TASA?

  

Abin da ya sa na ɗauko maganar yau shi ne, kwanakin baya wata yarinya 'yar maƙwabtanmu, wadda tun tana zanin goyo nake ɗaukarta, ta faɗo mini ɗaki bayan magariba, idon nan nata ya yi jawur. Ko gaisuwar kirki ba ta yi ba ta ce, "Anti, wallahi ina jin yaron nan aljanu gare shi."

Na ce, "Subhanallahi! Wane yaron?"

Ta ce, "Wanda yake zuwa wurina mana. Duk abin da na rubuta wa ƙawata sai ya maimaita mini shi in ya zo zance. Jiya kuma na je gidan Gwaggo a Hotoro, ban gaya wa kowa ba sai Umma, ina zama sai ga kiransa, wai me nake yi a Hotoro."

Na ce ta miƙo mini wayar. Sabuwa ce dal, ko ledar fuskarta ba a ɓare ba, da ƙaramar Sallah ya kawo mata. Na tambaye ta wa ya saita mata ita, sai ta ce ai a kunne ya kawo ta, har da layi a ciki, ya ce don kada ta wahala. Ina jin haka na ce mata ta share hawayenta, babu aljani babu boka a cikin lamarin nan, an dai ba ta ɗaki ne an riƙe mukulli.

A zamaninmu abin da sauƙi. Saurayi zai rubuto wasiƙa, ya fesa mata turare, ya ba ƙaninki alawa ya kawo miki. Wanda ya ji kansa ɗan birni kuwa sai ya ɗauki muryarsa a kaset. In an ɓata, ki tattara wasiƙun ki cusa a murhu, magana ta ƙare. Wayar salula ba ta shigo ƙasar nan sosai ba sai a shekarar 2001, lokacin da MTN da Econet suka fara aiki, a sa'an nan kuwa layi kaɗai yakan kai naira 20,000, kira kuma naira 50 kowane minti, har sai da Glo ya zo a 2003 da lissafin daƙiƙa. Wace budurwa ce za ta yi mafarkin waya a lokacin? Yau kuwa waya ta shige gaban atamfa da turare a cikin toshi, har ta kai wasu 'yan matan da ita suke auna nauyin soyayya: mai Itel daban, mai Tecno ko Infinix daban, mai iPhone kuwa ai ba a magana. Ni ban ce kyauta haramun ba ce, in dai iyaye sun sani sun kuma yarda. To amma fa atamfa ba ta kai rahoto, turare ba ya gulma. Waya kuwa tana yi.

Bari in yi muku bayanin abin da na gani a wayar yarinyar nan dalla-dalla, domin na tabbata akwai irinta da yawa a cikinku.

Duk wayar Android, wato irin su Tecno da Infinix da Samsung, sai an sa mata akawun na Google, adireshin imel ke nan da kalmar sirrinsa, kafin a iya sauko da manhajoji daga rumbun Google. Yawancinmu ba mu ɗauke shi a bakin komai ba, wata ma ko sunan nata ba ta sani ba, mai shago ne ya buɗe mata a Farm Centre ko Beirut ranar da aka sayi wayar, ya rubuta a 'yar takarda, takardar ta bi shara. Alhali kuwa wannan akawun shi ne uwar ɗakin wayar gaba ɗaya. Lambobin mutanen da kika ajiye suna iya zama a cikinsa. In an kunna ajiyar hotuna, duk hoton da kika ɗauka, da wanda kika yi kwalliyar biki da wanda kika ɗauka ba ɗankwali kina wasa da ƙawaye a ɗaki, da kin samu data zai haye can ya zauna, wanda duk ya san kalmar sirrin zai buɗe a tasa wayar ya kalla ko yana Legas. Bugu da ƙari, Google ya yi wata hanya ta neman wayar da ta ɓata, wadda take nuna inda wayar take a taswira, ana iya sa ta yi ƙara, a kulle ta, ko a goge duk abin da ke cikinta daga nesa. Don maganin ɓarayi aka yi abin, kuma yana da amfani ƙwarai. Sai dai in akawun ɗin na wani ne, to ke ce kika zama kayan da ake bibiya. Kin ji yadda aka yi aka san tana Hotoro.

Da na duba nata, sunan saurayin ne ɓaro-ɓaro a jiki.

Sai maganar ƙawarta da yake karantawa. WhatsApp, tun 2016, yana kulle saƙonni ta yadda babu mai iya tare su a hanya ya karanta, wannan gaskiya ne. Amma yana ba da dama a jona lamba ɗaya da wasu na'urori har guda 4, kwamfuta ko wata wayar, duk abin da ya shigo miki ya shiga can, duk abin da kika tura a gani. Jonawar kuwa ba ta cin minti ɗaya. "Ara mini wayarki in duba wani abu," kina sunkuyar da kai kina wasa da gefen mayafi, an gama. Ki buɗe WhatsApp ɗinki yanzu, ki taɓa ɗigo ukun nan na sama, ki shiga inda aka rubuta Linked devices. In kin ga wata na'ura da ba ki san da ita ba, ki taɓa ta ki fitar da ita. Daga nan ki shiga saiti ki kunna Two-step verification, ki zaɓi lambobi 6 da ke kaɗai kika sani, kada kuma su zama shekarar haihuwarki, don ita kowa zai fara gwadawa. Haka nan lambobi 6 da WhatsApp yake turowa ta tes, ko wa ya kira ya ce ki karanto masa, ko da ya ce daga gurup ɗin Islamiyyarku ne za a yi taro, kada ki bayar. Da su ake ƙwace lambar mutum a shiga roƙon kuɗi da sunansa.

Layin ma da kike ganin ba komai ba ne, tun Disambar 2020 gwamnati ta ce kowane layi sai an haɗa shi da lambar NIN. Wanda aka yi rajista da sunansa shi ne mai layi a wurin kamfani, ko da ke kika shekara biyar kina amfani da shi. Ranar da ya ga dama zai je ofis ya ce ya ɓata, a yi masa welkam bak, naki ya mutu a hannunki, kiranki da alat ɗin bankinki su koma wurinsa. In kin kai shekara 18 ki je da kanki ki yi da NIN ɗinki. In ba ki kai ba, ƙa'idar hukumar NCC ba ta ba ki damar yin rajista ba, sai ki roƙi Umma ko Baba su yi miki da nasu.

Na san wata za ta ce, "Haba Anti, ai wanda zai aure ni ne, me zan ɓoye masa?" Wata ma daɗi take ji, wai kishi alamar so ne. Ƙanwata, ina ganin girman soyayya, ni ma na yi ta, amma a nan ba na tare da ke. Mai sonki da gaskiya in yana da shakka zai tambaye ki baki da baki, ko ya tura magabatansa su yi bincike kamar yadda aka saba. Wanda ya laɓe yana leƙen asirinki tun ba a kai kuɗin gaisuwa ba, me kike zaton zai yi ranar da kika shiga gidansa? Kuma ba sirrinki kaɗai ba ne a cikin wayar. Akwai na ƙawarki da ta kawo miki kukanta, akwai hotunan yayarki matar aure, akwai maganar cikin gidanku da aka yi a gurup ɗin dangi. Waɗannan duk amana ce a hannunki, ba ki da ikon bayar da su tukwicin waya. Addininmu ya hana bin diddigin asirin mutane, bai ware saurayi ba. Ke ma kuma, tun da an zo wurin, ki bar lalube a tasa in ya tashi alwala.

Ban ce duk samari haka suke ba, Allah Ya sani. Da yawa da zuciya ɗaya suke saita wayar, don ya ga ba ki iya ba ne. To amma zuciya ɗayar ta yau ce. Zance nawa muka gani an kai har sa rana ya watse? A al'adarmu kuwa in an fasa, akan tattara kayan mutum a mayar masa, har da wayar. Nan ne inda 'yan mata da yawa suke yin kuskuren da ya fi na farko. Cikin fushi da kuka za ki zare layi ki jefa wayar a leda ki ba ƙaninki ya kai, kin manta kin miƙa masa shekara biyu na rayuwarki. Ko kin bi hotuna kin goge, yawancin wayoyi suna ajiye abin da aka goge a kwandon shara na kusan wata guda kafin ya tafi. Abin da ya dace, ki natsu, ki kwashe abin da kike so, ki cire memori, ki fitar da akawun ɗinki na Google daga ciki, sa'an nan a wanke wayar tas ta koma kamar ranar da ta fito daga kwali. Ki lura da wannan jeri, domin in aka wanke waya ta bayan fage ba a cire akawun ba, takan ƙi buɗewa sai an sa na farkon. Wannan ne ma ya sa wayar da aka saita da akawun ɗin wani ba ta taɓa zama taki ta gaskiya, haka abin yake ga iPhone da nata akawun ɗin na iCloud. Irin wannan taka-tsantsan za ki yi in za ki sayar da waya ko ki yi musaya. In gyara za ki kai, ki tsaya a yi a gabanki in da hali.

Akwai kuma wata magana mai nauyi da ba zan tsallake ba, ko da kunya. Hoton da ba za ki iya nuna wa Umma ba, kada ki ɗauke shi, balle ki tura. Za a ce miki ai akwai na gani-sau-ɗaya, wanda WhatsApp ya kawo a 2021, da an buɗe ya ɓace. Ƙwarai yana ɓacewa, amma me zai hana a ɗauki wata wayar a ɗauki hoton fuskar wannan? Manyanku za su tuna abin da ya faru a Kano a 2007, da wani bidiyo na sirri ya fita ya bi wayoyin mutane ta Bluetooth, tun ba a san WhatsApp ba. Mutum biyu abin ya shafa, amma sunan macen kaɗai gari ya riƙe. In kuwa ƙaddara ta riga fata, wani yana yi miki barazana da hoto ko saƙo, kada ki biya shi ko sisi, kada ki je inda ya kira ki, kada kuma ki goge saƙonnin nasa, su ne shaidarki. Ki samu babba a gida ki faɗa, faɗan Umma na kwana biyu ne. Dokar laifukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ta ɗauki irin wannan barazana a matsayin laifi, ana kai ƙara wurin 'yan sanda a kanta.

Ita dai 'yar maƙwabtan tamu, a daren muka fitar da na'urar da aka jona mata, na kuma raka ta har gaban mahaifiyarta, don ta ce ita kaɗai ba za ta iya ba. Hajiya ta yi salati ta sanar da Ubangiji, ta yi faɗan da za ta yi, har ni sai da na samu rabona wai mu ne muke ɗaure musu gindi. Washegari yayanta ya kai ta ta yi sabon layi da sunanta, ya buɗe mata akawun, ita ta zaɓi kalmar sirrin da kanta, ta rubuta a takarda ta ba Hajiya ta sa a ƙasan adaka. Wayar kuma aka kwashe hotunanta aka wanke ta, aka mayar cikin kwalinta har da caja.

Da yaron ya zo zance ranar Juma'a, Baban ne ya fito da kansa da kwalin a hannu. Ya ce masa in aure yake nema, ƙofa a buɗe take, ya turo manyansa. Yanzu wata 'yar ƙaramar Nokia ta Hajiya take riƙewa, mai tocila, ta ce mini caji ɗaya yana kai mata kwana huɗu. Manyan nasa dai har yau da nake wannan rubutu ba mu ga ƙeyarsu ba.