Mai zanen abin da ido ba ya gani

Ɗalibin noma da kiwo a Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya da ke Zuru, wadda aka kafa a 2020, dole ya san yadda annobar kaji ko haukan kare ke cin jiki. Sai dai madubin likita na ɗakin gwaji ba ya nuna bairos da ke haddasa su, saboda tsabar ƙanƙantarsa. Sai a ƙarshen shekarun 1930 aka fara ganin hotonsa a Jamus da madubi mai aiki da lantarki, kuma har yau hoton babu launi, babu motsi. A nan mai zanen kimiyya yake shigowa.

Kafin ya ɗauki alƙalami sai ya zauna da masana, ya karanta bincikensu, ya auna girman kowane sashe. Sannan ya jera labarin daki-daki: bairos ya manne a bangon tantanin halitta, ya kutsa ciki, ya tuɓe rigarsa, ya saki umarnin gadonsa. Daga nan tantanin ya bar aikinsa, ya koma kamar maƙera yana ƙera sassan baƙon. Sassan su haɗu, dubbai su fito. Na shan-inna fasa tantanin yake yi cikin 'yan sa'o'i, na mura kuwa ɓallewa yake yi da guntun fatar tantanin. Mai zane da ya haɗa su a hoto guda ya koyar da ƙarya.

Launin ma zaɓinsa ne. Jajayen ƙayoyin korona da duniya ta sani, Alissa Eckert da Dan Higgins na hukumar CDC ta Amurka ne suka zana su a 2020, suka zaɓi ja domin ido ya fara sauka inda haɗarin yake. Mai zane David Goodsell kuwa da fentin ruwa yake aiki, yana nuna cunkoson da ke cikin tantani.

Ƙasar Zuru na bukatar masu wannan hannu. Makiyayin da ya ga bairos ɓoye cikin tantani zai gane abin da ya sa kafso ba ya kashe shi, da dalilin yi wa dabba rigakafi tun tana lafiya. Matasan da ke zana allunan shaguna suna da baiwar. Abin da ya rage shi ne malaman kimiyya su zauna da su, a fitar da zane mai bayani da Hausa da Dakarci.