Sauraron Majiyyaci: Ginshiƙin Kiwon Lafiya a Matakin Farko

A shekarar 1978, ƙasashen duniya suka hallara a birnin Alma-Ata, suka amince cewa kiwon lafiya a matakin farko shi ne tushen lafiyar al'umma, kuma wajibi ne jama'a su sa hannu a cikinsa. A Nijeriya, Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, Ministan Lafiya daga 1985 zuwa 1992, shi ne ya dage wajen kai wannan tsari ƙananan hukumomi. To, amma gina ɗakin shan magani daban, warkar da majiyyaci daban.

Zazzaɓin cizon sauro ya isa misali. Idan damina ta sauka a gari kamar Kunduru, cikin ƙasar Kankiya, sauro kan yawaita, yara kan kwanta. Ƙwayar cutar, wato Plasmodium falciparum, tana shiga jajayen ƙwayoyin jini ta hayayyafa, ta farfasa su. Tun 2005 Nijeriya ta bar kulorokwin ta koma ga haɗin magani irin su artemether-lumefantrine, wanda ake sha sau 6 cikin kwana 3. Kashin farko na haɗin yakan karkashe akasarin ƙwayoyin cikin hanzari. Na biyu kuwa yakan jima a jiki yana share ragowar, kuma hanji ya fi tsotse shi idan an haɗa da nono ko abinci mai maiƙo.

Abin lura shi ne, ko da an ba yaro sha na farko a asibiti, sauran 5 ɗin a hannun uwa suke. Da zarar jiki ya yi sanyi, wata uwar kan adana ragowar domin gaba. Ƙwayoyin da suka tsira sai su sake yaɗuwa, zazzaɓin ya dawo.

Saboda haka ma'aikacin lafiya nagari ba ya tsayawa ga miƙa magani. Yakan tambayi uwa abin da aka riga aka ba yaron, da nisan gidanta, da wanda zai ba ta izini da kuɗin mota in ciwon ya tsananta. Yakan yi bayani da Hausa, ya danganta lokutan sha da asuba da magariba, sannan ya nemi ta maimaita abin da ta fahimta. Hausawa kan ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ɗaliban da ke burin shiga Makarantar Koyon Aikin Lafiya ta Kankiya ya kamata su riƙe wannan: koyon sauraro yana cikin koyon magani.