Mitfai a Gidan Makoki: Yadda Hausawan Ingila ke Ciyar da Masu Rashi

A ƙasar Hausa, gidan da aka yi rashi ba ya ɗora tukunya. Kafin maza su dawo daga maƙabarta, kwanuka da kuloli sun fara shigowa daga maƙwabta: wannan kunu, wancan shinkafa da wake, wata ta aiko yaro da tuwo da miyar kuka. Ba wanda ya tsara, ba wanda ya rubuta sunan kowa. Matan unguwa sun san gidan wane sun yi na rana, don haka su za su yi na dare. Mai rashi nasa zama ne a kan tabarma, a ce masa "Ya haƙuri?" ya ce "Da godiya," a yi wa mamaci addu'a, a shafa.

Abin yana da tushe a addini. Lokacin da labarin shahadar Ja'afar ɗan Abu Ɗalib a yaƙin Mu'uta ya iso Madina, a shekara ta 8 bayan Hijira, Manzon Allah (SAW) ya umarci a yi wa iyalinsa abinci, domin abin da ya same su ya ɗauke musu hankali daga girki. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito shi. Bukhari da Muslim kuma sun kawo cewa Nana A'isha, idan aka yi rasuwa a danginta, mata suka watse, takan sa a dama talbina, wani kunu na garin sha'ir, a ba waɗanda suka rage, saboda yana sanyaya zuciya, yana rage baƙin ciki. Wato tun farko an san cewa mai rashi yana manta cikinsa, sai an tuna masa.

Hausawan da suka bar gida tun zamanin kakanni ba su rasa wannan ba, domin da unguwarsu suka tafi. A zangon Kumasi da Nima ta Ankara, a Mai Wurno da ke bakin Shuɗin Nilu a Sudan, inda mabiyan Sarkin Musulmi Attahiru suka yada zango bayan yaƙin Burmi na 1903, a unguwannin Hausawa na Makka da Jidda, maƙwabcinka ɗan'uwanka ne, ƙofa na kallon ƙofa. Tire zai fito daga wannan gida ya shiga wancan da zafinsa.

Ingila ba haka take ba. Ƙidayar 2021 ta nuna waɗanda aka haifa a Nijeriya da ke zaune a Ingila da Wales sun kai kimanin dubu 270, amma Hausawa kaɗan ne a cikinsu, kuma a warwatse suke. Likita a Manchester, ɗalibi a Coventry, mai aikin kula da tsofaffi a wani ƙaramin gari da motar haya ba ta zuwa bayan ƙarfe tara na dare. Ko a Landan, inda Hausawa suka daɗe saboda Sashen Hausa na BBC da aka buɗe a 1957 da ofishin jakadanci da jami'o'i, mai zama a gabashin birnin zai iya cin awa ɗaya da rabi a jirgin ƙasa kafin ya isa gidan ɗan'uwansa a yamma. Unguwar ta koma cikin WhatsApp. A can ake sanar da rasuwa, a can ake jera "Allah ya jiƙan rai," a can kuma wata za ta rubuta, "Wa zai kai musu abinci gobe?"

Rashi iri biyu ne ke samun mutanenmu a can, kuma kowanne da irin ciwonsa.

Na farko shi ne na waya. Mahaifiya ta cika da asuba a Katsina, kafin azahar an kai ta makwancinta. Ɗanta yana aikin kwana, wayarsa na cikin akwatin ajiya, bai gani ba sai da ya tashi. Ko da a ce ya gani a kan lokaci, jirgi daga Landan zuwa Abuja awa shida ne da ɗoriya, sannan a nemi na Kano ko a hau mota. Ba wanda zai jira shi, kuma bai kamata a jira ba. Wani ma ba zai iya tafiya ko daga baya ba, saboda takardunsa na hannun hukuma ana sabuntawa, ko kuɗin tikiti ya fi ƙarfinsa. Sallar gawa daga nesa kuwa, malaman Malikiyya da muka tashi a kai ba su tafi a kanta ba, haka ma Hanafiyya da ke riƙe da masallatai masu yawa a Ingila. Sai mutum ya wayi gari ba gawa, ba jana'iza, ba tabarma a ƙofar gida. Maƙwabcinsa bai san an yi ba. Dokar aiki ta ba iyayen da ɗansu ƙarami ya rasu hutun mako biyu tun 2020, amma wanda ya rasa uwa ko uba yawanci abin da kamfaninsa ya ga dama ne, wani kwana biyu, wani uku.

Na biyu shi ne wanda ya rasu a can. A nan jira ne ke cin rai. Dole a yi rajistar mutuwa, dole a samu takardar izinin binnewa, kuma tun Satumban 2024 duk mutuwar da ba ta hannun jami'in shari'a mai binciken musabbabin mutuwa sai wani likita na daban ya duba ta kafin a sa hannu. Idan mutuwar fuju'a ce, ana iya yin binciken gawa. Masallatai da maƙabartun Musulmi irin su Gardens of Peace da ke gabashin Landan sun ƙware wajen gaggauta al'amari, wani lokaci a gama cikin yini guda, amma idan rasuwa ta faɗo ƙarshen mako ko aka samu tangarɗa, iyali za su kwana uku, huɗu, har mako, mamacinsu na ɗakin ajiye gawa. Bahaushe bai saba da wannan ba. A kwanakin nan ba mai iya barci, ba mai tunanin tukunya, ga yara suna dawowa daga makaranta da yunwa.

A wannan gurbin ne mitfai ya samu shiga.

Tuwo ba ya son tafiya. Kafin ya sha awa biyu a jirgin ƙasa ya sandare, miya ta zube a jaka. Shinkafa dafa-duka ita kowa ke fara kaiwa, sai ka ga manyan tire huɗu a ɗan kicin ɗin da ba ya ɗaukar mutum uku, firji ya cika, alhali hukumar kula da ingancin abinci ta ƙasar tana ba da shawarar kada dafaffiyar shinkafa ta wuce kwana ɗaya a firji. Rana ta uku sai zubarwa, mai rashi ya ƙara da damuwar almubazzaranci. Mitfai kuwa yana shiga roba mai murfi, ya hau jirgi, ya sauka lafiya. Ana cin sa da zafi, ana cin sa da sanyi. Ba ya bukatar faranti ko cokali, ba ya barin wanke-wanke. Wanda ya rage a jefa firiza, ya yi wata biyu ko uku. Mafi muhimmanci a wurina, ƙarami ne. Matar da aka ajiye wa malmalar tuwo za ta kalle ta ta ce ba za ta iya ba, amma idan aka miƙa mata mitfai guda da kofin shayi aka ce, "Yaya, daure ki ci ko rabi ne," sau da yawa takan karɓa.

Akwai abin lura a tarihinsa. Turawan mulki ne suka kawo mana irin wannan gashi, kuma duk wanda ya ga na mutanen Cornwall, mai siffar rabin wata da naman sa da dankali da albasa a ciki, zai gane dangin namu ne. A Nijeriya ya samu attarugu da kori, ya yaɗu ta gidajen burodi da shaguna irin su Mr Bigg's, wanda kamfanin UAC ya buɗe a Legas a 1986. A Arewa abin biki ne da suna da tarbar baƙi, ba wanda ke danganta shi da makoki. Na sadaka su ne waina da ƙosai da gumba. Sai da ya koma ƙasar da ya fito, a hannun 'ya'yanmu mata, sannan ya shiga gidan rashi.

Na ga yadda wata baiwar Allah, ma'aikaciyar jinya, take yin sa idan aka yi wa wani rasuwa, kuma hannunta ya nuna ta saba. Fulawa rabin kilo, bota mai sanyi kwata, gishiri, ƙaramin cokali na bekin foda. Da kan yatsu take murza botar cikin fulawa har ta yi wara-wara kamar garin rogo, sannan ta yayyafa ruwan sanyi kaɗan-kaɗan ta haɗe. Ba ta luguiguita kwaɓin, domin yawan murza shi ke sa mitfai tauri. Ta naɗe shi ta sa a firji na rabin awa. Kafin nan ta soya albasa, ta zuba niƙaƙƙen naman sa da ta sayo wurin mahaucin halal, ta sa citta da tafarnuwa da kori da dunƙule, sannan dankalin turawa da karas da ta yanka ƙanana. Attarugu ɗan kaɗan take sawa, ta ce cikin da ya kwana biyu ba abinci ba ya son yaji, ga kuma yara. Daga ƙarshe ta dama cokalin fulawa da ruwa ta zuba don romon ya kama jikinsa. Sai ta bar shi ya huce sarai, domin haɗi mai zafi yana narkar da botar kwaɓi tun kafin a kai ga wuta. Ta murza, ta yanka da murfin tukunya, ta zuba haɗi a tsakiya, ta shafa ƙwai a baki, ta ninke, ta danne da cokali mai yatsu, ta huda sama don tururi ya fita. Obin a kan 180, minti talatin zuwa talatin da biyar. Tana yi bakinta na motsi da salati da nema wa mamacin gafara, wanda ba ta taɓa gani ba. A kan murfin robar ta rubuta kwanan wata da abin da ke ciki, saboda yaran da ƙwai ko madara ba sa karɓarsu.

Aikin yana cin awa uku, kuma daga aikin dare ta fito. Da ta so, da ta tura kuɗi ta waya a sayi abinci. Kuɗin ma yana da amfani, musamman inda ake haɗa na jana'iza, wadda ke cin dubban fam. Amma mai rashi yana gane abin da aka tsaya aka yi masa da hannu.

Turawan ma suna da tasu al'adar. Maƙwabciya takan kawo kati da furanni, wata ta haɗa da fai ɗin da ta gasa, babba a cikin kwano, irin wanda ake yankawa. A nan akwai taka-tsantsan: wani da giya ake dafa namansa, wani da kitsen alade ake kwaɓa fulawarsa, naman kuma ba lallai yankan Musulmi ba ne. Ko kwaɓin da ake sayarwa a shago sai an karanta bayan leda. Duk da haka ban ga dalilin ɗaure fuska ga wadda ta tsaya a ƙofarka cikin sanyi da kwano a hannu ba. A karɓa, a yi godiya, daga baya a yi mata bayani cikin mutunci. Da yawansu da sun ji, karo na gaba na kifi ko na ganye za su kawo.

Inda nake da ƙorafi a kanmu ne. Wani salo yana shigowa, inda iyalan mamaci ke kama zaure ranar sadakar uku ko ta arba'in, su yi odar abinci na ɗaruruwan fam don ciyar da masu zuwa gaisuwa, wasu har da bashi. Wannan juya al'amari ne. Sahabi Jarir ɗan Abdullahi ya ba da labarin cewa su a zamaninsu suna ƙirga taruwa a gidan mamaci da dafa abinci bayan binnewa cikin kukan mutuwa da aka hana. Malamai sun yi saɓani a kan sadakokin nan, ba kuma nan ne wurin warware shi ba. Amma matar da mijinta ya rasu ya bar ta da hayar gida da yara uku, kuma wataƙila takardar zamanta ma a kan tasa take rataye, ba ita ya kamata ta ciyar da mu ba.

Sannan akwai maganar lokaci. Kowa yana rububin kwana ukun farko, daga nan waya ta yi shiru. A gida, mai takaba tana cikin dangi tsawon wata huɗu da kwana goma, ga uwa, ga ƙanne, ga yaran maƙwabta da za a aika. A Ingila ita ce mai kai yara makaranta cikin duhun hunturu, ita ce mai zuwa banki da ofishin ƙaramar hukuma da takardar mutuwa a hannu. A mako na uku da na shida ne take buɗe firiza ta ciro mitfai biyu ta ɗumama wa yara, ranar da ba ta iya tashi ta yi girki ba. Wasu ƙungiyoyin mata sun fara gane haka, suna raba makonni a tsakaninsu maimakon su taru rana ɗaya: wance ta ɗauki wannan Asabar, wance ta gaba.

Waɗanda aka fi mantawa su ne samari. Ɗalibin da ya zo karatun digiri na biyu, yana ɗaki ɗaya a gidan da ya haɗa da baƙi, ba mata, ba ya cikin zauren matan gari, idan mahaifinsa ya rasu abokansa za su zo su yi addu'a su ce "Allah ya ba da haƙuri," su tafi. Ba mai tambayar ko ya ci wani abu. Maza a can sun koyi girki dole, da yawansu sun iya miya da dafa-duka, kuma mitfai bai fi ƙarfinsu ba. Idan ma ba su iya ba, kowannensu ya san matar wani abokinsa da za a ce wa, "Hajiya, an yi wa ƙaninmu rasuwa, ga kuɗin nama da fulawa," ranar Asabar su je su karɓa su kai masa.