Faɗin Ginshiƙi da Tsarin Amsa a SQL*Plus

SQL*Plus manhaja ce ta kamfanin Oracle wadda ake magana da rumbun bayanai ta cikinta da rubutu zalla. Mutum zai rubuta tambaya da harshen SQL, amsa kuma ta fito a jere, sahu-sahu, kowane sahu a rarrabe cikin ginshiƙai. Tun tsakiyar shekarun 1980 ake aiki da ita, lokacin da ta gaji wata tsohuwar manhaja mai suna UFI. Abin da ya fi ɗaure wa sabon shiga kai shi ne yadda amsar kan fito a hargitse: sahu ɗaya ya karye gida uku, kanun ginshiƙai su yi ta maimaituwa, suna yana nan, lambarsa tana can ƙasa. Bayanan da ke cikin rumbu lafiyarsu lau. Rumbun yakan miƙo su ne kawai, jera su a allo kuwa aikin SQL*Plus ne, kuma tana yin sa bisa wasu ma'aunai da ta zo da su.

Na farko cikin ma'aunan shi ne tsawon layi, LINESIZE, wanda ke kan haruffa 80. Adadin tsohon gado ne. Katin da IBM ta fito da shi a 1928, wanda ake huhhudawa don adana bayani, gurabe 80 ke gare shi, allunan da suka biyo baya kuma suka ɗauki wannan faɗin. VT100 na kamfanin DEC, wanda ya fito a 1978, yana nuna layi 24 masu haruffa 80, ana iya mayar da shi 132, faɗin manyan na'urorin buga takarda na zamanin. Allon yau ya fi haka nesa ba kusa ba, amma buɗe taga har ƙarshen allo ba ya sauya komai, don manhajar ba tagar take dubawa ba. Sai an ce mata SET LINESIZE 200, ko wani adadin da ya dace. Daga fitowar 18c ne aka ƙara SET LINESIZE WINDOW, wanda ke sa ta bi girman tagar da kanta.

Ma'auni na biyu, PAGESIZE, yana kan layi 14. A ciki ake ƙirga layin da aka bari fayau, da kanu, da zanen da ke ƙarƙashin kanun, saboda haka sahu 11 kaɗai ke samun wuri kafin kanun su sake bayyana. Ana iya ɗaga shi har 50000. Idan aka sa 0, kanun sukan ɓace gaba ɗaya.

Tushen mafi yawan hargitsin yana wajen faɗin ginshiƙi. SQL*Plus tana yanke shawarar faɗin ne kafin ta ga ko da sahu ɗaya na amsar, kamar telan da ya yanka yadi da awon ƙato tun bai ga mai rigar ba. Abin da take dubawa shi ne girman da aka ayyana wa ginshiƙin sa'ad da aka ƙirƙiri teburin. Idan an ware wa suna VARCHAR2(100), to gurbi ɗari za ta tanada, ko da sunan da ya fi kowane tsawo a teburin bai wuce haruffa goma sha biyar ba. Ginshiƙi ɗaya irin wannan ya riga ya zarce layin 80, balle a ce akwai na adireshi a gefensa. Maganin shi ne umarnin COLUMN. Rubuta COLUMN suna FORMAT A20 yana tsuke ginshiƙin zuwa gurbi 20.

Umarnin nan ba ya taɓa teburi, rumbun ma bai san an ba da shi ba. A cikin SQL*Plus yake zaune, yana mutuwa da zarar an fita daga manhajar. Sunan ginshiƙi yake bi, saboda haka duk wata tambaya da ta zo daga baya da ginshiƙi mai wannan suna, daga kowane teburi, za ta gaji faɗin, har sai an soke da CLEAR COLUMNS. Kanu ma suna da nasu hali. A ginshiƙin rubutu, idan kan ya fi ginshiƙin tsawo, kan ake datsewa: ginshiƙin JINSI mai harafi ɗaya zai fito da J kaɗai a samansa. Da HEADING ake ba shi wani taken, alamar | kuma tana raba taken gida biyu, ɗaya bisa ɗaya.

Tsukewa tana jawo tambayar abin da za a yi da rubutun da ya fi gurbinsa tsawo. Zaɓi uku ne. WRAPPED, wanda shi ne na asali, yana karya rubutun daidai inda gurbin ya ƙare, ko a tsakiyar kalma ne, ya ci gaba a layi na ƙasa. WORD_WRAPPED yana jira sai kalma ta cika. TRUNCATED yana yanke ragowar ya zubar. Na ukun ne ya fi kyan gani, shi ne kuma ya fi haɗari. A ginshiƙi mai faɗin A8, Birnin Kudu ta Jigawa da Birnin Kebbi duk za su fito a matsayin Birnin K, babu kuma wata alama da za ta nuna an yanke wani abu. Dogayen rubuce-rubuce na nau'in CLOB da LONG suna da tasu iyakar dabam, SET LONG, ita ma 80, kuma ita ma shiru take yanka.

Lambobi ba a karya su, ba a kuma datse su. Faɗinsu na asali, NUMWIDTH, gurbi 10 ne. Lambar da ta wuce nan ana taƙaita ta da salon masana lissafi: 12345678901 za ta fito a matsayin 1.2346E+10. Wannan ya shafi duk mai aiki da bayanan Najeriya, inda lambar BVN ta banki da lambar NIN ta ɗan ƙasa kowacce alƙaluma 11 ce. Idan an adana su a ginshiƙin lamba, mutane da yawa za su bayyana da lamba iri ɗaya a allo, alhali a rumbu kowa da tasa. SET NUMWIDTH 15 yana warware matsalar, ko da yake lambar shaida, tun da ba tarawa ko ɗebewa ake yi da ita ba, adana ta a matsayin rubutu ya fi.

Ga kuɗi, ana zana wa lambar siffarta da tara-tara: FORMAT 999,999,990.00. Kowace 9 gurbin alƙalami ɗaya ce da za a bari fayau idan babu abin sawa, 0 kuwa tana tilasta a rubuta sifili. Shi ya sa rabin naira ke fitowa .50 a ƙarƙashin 999.99, amma 0.50 a ƙarƙashin 990.99. Idan adadin ya fi siffar girma, ginshiƙin yakan cika da alamar #. Masu koyo sukan firgita da ita, amma ta fi yankan shiru gaskiya, domin ta faɗa ƙarara cewa gurbin bai isa ba. Haka ma take fitowa idan aka ɗora wa ginshiƙin lamba siffar rubutu irin A10, kuskuren da aka saba yi.

Kwanan wata ya saɓa da sauran. Siffarsa daga NLS_DATE_FORMAT take zuwa, wadda a tsarin Amurka take DD-MON-RR, haruffa tara, ba awa ba minti, duk da cewa nau'in DATE yana riƙe da lokaci har zuwa daƙiƙa. COLUMN ba zai fito da lokacin ba. Sai an yi ALTER SESSION, ko an sa TO_CHAR a cikin tambayar kanta.

Mai adana rubutun Hausa yana da ƙarin abin lura. A tsarin UTF-8, haruffan Turanci bayit ɗaya-ɗaya suke ci, amma ɓ da ɗ da ƙ bibbiyu. Kalmar Ƙanƙara haruffa bakwai ce, bayit tara, kuma LENGTH da LENGTHB za su nuna bambancin. VARCHAR2(20) a Oracle bayit 20 yake nufi, sai fa in an rubuta 20 CHAR ko an sauya tsarin rumbun. Manhajar da ke ƙirga bayit wajen cike gurbi za ta karkatar da duk sahun da ke da harafi mai lanƙwasa. Idan kuma saitin NLS_LANG bai dace da abin da allon ke karantawa ba, haruffan sukan rikiɗe su koma alamar tambaya.

Sauran manhajoji sun bi wata hanya. psql ta PostgreSQL takan karɓi amsar duka, ta auna mafi tsawon abin da ke kowane ginshiƙi, sannan ta jera. Ba a samun faɗin banza, amma idan sahu miliyan ne sai a jira, ƙwaƙwalwar kwamfuta kuma ta ɗauki nauyin. Ga teburi mai ginshiƙai da yawa tana da \x, mai tsayar da kowane sahu a tsaye, ginshiƙi ɗaya a layi ɗaya. A mysql, rufe tambaya da \G ke yin wannan aikin. sqlite3 tana da .mode column da .width, a 2020 kuma fitowa ta 3.33.0 ta ƙara salo irin su box da markdown.

Idan fayil ake so, umarnin SPOOL ne ke kwafe abin da ya fito. Kowane layi yakan tafi da fankon da ya cike shi har ƙarshen LINESIZE, fayil ya kumbura a banza, sai an sa SET TRIMSPOOL ON. Da can masu son buɗe sakamako a Excel sukan sa waƙafi tsakanin ginshiƙai da SET COLSEP, dabarar da ke rushewa da zarar wani adireshi ya zo da waƙafi a cikinsa. Fitowar 12.2 ta kawo SET MARKUP CSV ON, wanda ke watsar da batun faɗi gaba ɗaya, ya kuma killace rubutu cikin alamar zance.

Tun da duk waɗannan saituna suna gushewa bayan an fita, akan tara su a fayil. SQL*Plus tana karanta glogin.sql, na kowa da kowa a kwamfutar, sannan login.sql, na mutum ɗaya, a duk lokacin da aka shiga rumbu. Daga 12.2, saboda tsaro, ta daina ɗaukar login.sql daga jakar da mutum yake aiki a ciki. Sai an nuna mata wurinsa da ORACLE_PATH a Linux, ko SQLPATH a Windows.