CIWON DA IDO BA YA GANI: BAYANI GA HAKIMAI DA MALAMANSU

Akwai samari da 'yan mata a ƙasar nan waɗanda ke fama da ciwon gaɓoɓi da na baya da na ƙirji shekara da shekaru, amma in sun je asibiti sai a ɗauke su ragwaye, ko kuwa masu neman ƙwaya, don ana zaton ƙuruciya ba ta haɗa hanya da ciwo mai daɗewa. Da yawa daga cikinsu amosanin jini ke damunsu, watau sikila.

Asalin Ciwon

Amosanin jini gadonsa ake yi daga uwa da uba duka biyu. Jajayen ƙwayoyin jinin mai lafiya kewayayyu ne masu taushi, sukan yi kwana kamar 120 suna aiki. Na mai wannan cuta kuwa sukan lanƙwashe kamar lauje, su yi tauri, su mutu cikin kwana 10 zuwa 20. Idan suka toshe ƙananan hanyoyin jini, nama da ƙashi su rasa abincinsu, sai azaba ta taso. Sanyin hunturu, da ƙishirwa, da zazzaɓin cizon sauro, da aikin wahala, su ke yawan tayar da ita.

A shekarar 2006 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta ana haihuwar jarirai kamar 150,000 da cutar kowace shekara a Nijeriya.

Abin da ke Kawo Rashin Yarda

Awon jini yakan nuna mutum yana da cutar, amma babu awon da ke nuna yawan zafin da yake ji. Wanda ya tashi da ciwo tun yana goye ya koyi daurewa, ga kuma kunya tana hana shi ihu gaban manya, saboda haka shirunsa ba shaidar sauƙi ba ne. Haka nan in ya ambaci sunan maganin da ke yi masa aiki, yawan jinya ne ya koya masa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A Ingila, tun 2012 ƙa'idar asibitoci ita ce a ba mai wannan ciwo maganin zafi cikin minti 30 da isowarsa.

Yaron da aka ƙaryata sau biyu ko uku yakan daina zuwa asibiti, ya koma sayen magani a kasuwa, karatunsa ya lalace, wani lokaci har rai ya salwanta.

Abin da Ake Bukata ga Hakimai

1. Su umurci dagatai da masu unguwa su gargaɗi iyaye, duk yaron da ciwon gaɓoɓi ke yawan kayarwa a kai shi awon jini, a adana takardar.

2. Malamin hakimi ya taimaki iyalin da ba su da mai rubutu su buɗe ɗan littafi: ranar da ciwo ya tashi, inda ya kama, kwana nawa ya yi, da maganin da aka sha. Likita ya fi saurin gane abin da ke rubuce.

3. Babba ya raka yaro asibiti, amma ya bar shi ya faɗi ciwonsa da bakinsa.

4. In akwai zazzaɓi, ko ciwon ƙirji da wuyar numfashi, ko shanyewar ɓarin jiki, a kai shi nan da nan, kada a jira gari ya waye.

5. In an sallami yaro ba a saurare shi ba, hakimi ya rubuta wa shugaban asibitin takarda cikin ladabi, ya bayyana rana da abin da ya faru.

Likitoci aiki ya yi musu yawa, kuma bukatarsu ɗaya ce da ta iyaye. Hakimin da ya tsaya aka ji maganar yaro, ya sauƙaƙa wa likita aiki, ya kuma sauke nauyin da Allah ya ɗora masa na talakawansa.